Yaya Sa'idu da Akwatin da Hauwa Suka Yi Yawa

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da aka kai Yaya Sa'idu makwancinsa a Gubuchi, Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan sa a yi waina a raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, shi ke nan. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a kansa a jarida ba, don da yana raye cewa zai yi, "Kulu, wa ya aike ki?" Bana dai na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ɓoye dalili ba: tsoro nake ji. Likitoci sun ce za su yi mini aiki a ƙugu, za su sa ni barci, ni kuwa jikina ba ya karɓar allurar penisilin. In aka yi kuskure aka ba ni, maƙogwarona kumbura yake yi har numfashi ya gagara. Sa'ad da nake kwance ba baki, abin da zai tsaya tsakanina da wannan allura shi ne a nemi sunana a kwamfutar asibiti a same ni, ni ɗin, ba wata ba. Neman suna kuwa shi ne aikin da Yaya ya ƙarar da rayuwarsa a kai, kuma ni ce sanadi.

Sunana na yanka Hauwa'u, a gida Kulu ake ce mini. Mahaifinmu, Malam Muhammadu, yana karantar da Alƙur'ani da safe, da yamma manya su zo ɗaukar karatun littattafai. Yaya Sa'idu ne ɗan farinsa. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai yana koyar da lissafi a wata firamare a Makarfi, yana da wani baƙin keke da muke zargin ya fi son sa a kanmu duka. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, irin wanda zai ce maka "to" sannan ya je ya yi abin da ya ga dama.

Ina 'yar budurwa na taka kututturen rake a gonar kawunmu a Kudan, ƙafar ta kumbura ta tara mugunya. Yaya ya goya ni a keke zuwa wani ƙaramin asibiti a wajen Ikara, aka yi mini penisilin. Ko ƙofa ba mu kai ba leɓunana suka yi suntum, na fara shaƙewa. Malamin asibitin ya yi ta maza ya ceto ni da wata allura dabam, sannan ya ja layi da jan tawada a kan katina, ya rubuta gargaɗi, aka jefa katin a akwati. Katunan marasa lafiya a lokacin a akwatunan katako ake ajiye su, kowane harafi da akwatinsa, ana bin harafin farko na sunan mutum.

Da bazarar da ta biyo baya ina zaune wurin Gwaggo Asabe a Ikara, zazzaɓi ya kayar da ni. Wuyana ya sandare, haƙorana suka datse, shekarar kuwa kowa na cikin fargabar sanƙarau. Aka kwashe ni zuwa asibitin nan. An canja malamin asibiti, sabon bai san ni ba. Gwaggo ta gaya masa ta ji ana cewa akwai wata allura da ba ta yi da ni, amma ba ta san wacce ba. Ya ce a ɗauko katina. Akawu ya tambayi sunana, Gwaggo ta ce Kulu, don ita tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana da wani suna ba. Ya juye akwatin K kaf, babu ni. Sai wata mata da ke jiran layi ta ce, ai kowace Kulu Hauwa ce, a duba can. Ya jawo akwatin H da ƙyar, don ya cika har ba ya rufuwa: Hauwa da Halima da Hadiza da Hajara da Habiba da Hassana, ga Haruna ga Habu ga Hamisu, duk a cakuɗe.

Ina kwance ina jin komai. Wannan ne mutane ba sa ganewa idan na ba da labarin, suna ɗauka na suma. Ban suma ba. Na san sunan allurar, yana nan a kan harshena, amma bakin ya ƙi buɗuwa. Sirinjin zamanin na gilashi ne, tafasa shi ake yi a wani ɗan kwanon ƙarfe a kan risho, ina jin sa yana ƙwal-ƙwal cikin ruwan zafi. Ta ɗaya gefen ina jin akawu yana lasar yatsa yana buɗa katuna, yana karanta Hauwa bayan Hauwa, babu mai jan layi. Ban taɓa ganin laifin malamin asibitin ba. Bayana akwai mutane kwance a tabarmi har tsakar gida, shi kaɗai ne, kuma a ganinsa jinkiri ne zai kashe ni. Ya ce ba zai ƙara jira ba, penisilin zai yi mini. Na ji sanyin auduga a cinyata, na yi kalmar shahada a zuci.

Ashe tun da safe Gwaggo ta aika wa Yaya saƙo ta hannun wani direban da zai bi ta Makarfi. Ya shigo jiƙe da gumi, ko keken bai jingine ba, ya riƙe wuyan hannun mutumin ya ce, "Malam, dakata. Penisilin ce ba ta karɓa." Aka ba ni wani magani dabam, Allah Ya sa da sauran kwanana a gaba. Katin kuwa sai bayan na fara tashi zaune aka gan shi, a can ƙasan akwatin, ya manne da na wata Hauwar.

Ni na warke, Yaya ne bai warke ba. Ya koma asibitin ya tsaya yana kallon akwatunan kamar su suka zage shi. Na H da na A da na M suna neman fashewa, na O da na E babu komai sai yanar gizo. Ya ce wanda ya tsara wannan bai san sunayenmu ba. Akwati da yawa ba shi da amfani in duk mutanen gari a guda uku za su taru.

A zauren mahaifinmu ya samo bakin zaren. Malaman dauri sukan ɓoye shekara a cikin haruffa a ƙarshen rubutunsu, abin da ake kira ramzi, don kowane harafin Larabci yana da lamba: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har ƙarshe. Duk mun taso muna ganin Baba yana warware irin wannan. Yaya ya ce, me zai hana a ba haruffan boko lambobi, a tara lambobin sunan mutum, a raba da yawan akwatuna, abin da ya yi saura shi ne akwatinsa? Ta haka ba harafin farko kaɗai ke magana ba, duk sunan ne. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Sa'idu, in dai ba za ka ce lambar tana gaya wa mutum ranar mutuwarsa ba, je ka yi."

Abin dariya ya fara daga nan, ko da yake ni a lokacin ba na iya dariya sosai. Ya kwashe kwanonin Inna guda ashirin ya jera a inuwar rumbu, kowane kwano a matsayin akwati. Ya shiga kasuwar Makarfi yana tambayar mutane sunayensu. A ƙauyen Taba kuwa sai da aka raka shi bakin gari, don sun ɗauka ƙidayar haraji ce aka turo shi da wayo. Ya dawo ya zauna, duk sunan da ya lissafa sai ya jefa ƙwayar masara ɗaya a kwanon da ya faɗa. Ina kwance a tabarma ina kallo, Inna tana mita tana cewa ta haifi malamin makaranta ya koma mai kiwon kaji.

Tarawar farko ba ta yi ba. Ya lura Amina da Maina kwano ɗaya suke faɗawa, don haruffansu ɗaya ne, jerin ne kawai ya bambanta, tarawa kuwa ba ruwanta da wanda ya riga wani. Sai ya canja dabara: ya ɗauki lambar harafin farko ya ninka biyu, ya ƙara ta na biyu, ya sake ninkawa biyu, ya ƙara ta na uku, har suna ya ƙare. Amina da Maina suka rabu, ya yi ta murna. Da masara ta taru kuwa sai ga abin mamaki, kwano ɗaya cike, na kusa da shi wayam, ɗaya cike, ɗaya wayam, har ƙarshen layi. Rabin kwanonin Inna sun zama 'yan kallo.

Kwanaki ya yi yana zagaya su yana sosa ƙeya, ko abinci sai an yi da gaske. Ashe jerin haruffan Turanci da yake koya wa yara ya bi wajen ba da lamba, a wannan jeri kuwa a da e da i da o da u duk sun faɗa kan lambobin da ba sa rabuwa biyu. Mu kuma sunayenmu kusan duk da su suke ƙarewa: Musa, Sule, Sani, Ado, Audu. Tunda duk abin da ya gabata an ninka shi biyu, kwanonin kuma ashirin ne, harafin ƙarshe ne kaɗai ke zaɓar ɓangaren da suna zai faɗa, kuma kullum ɓangare ɗaya yake zaɓa. Ya daina ninkawa biyu ya koma uku, ya je maƙwabta ya aro kwanoni har suka kai talatin da ɗaya, lambar da ya ce mai taurin kai ce, babu abin da ke raba ta. Wannan karon masara ta bazu, kowane kwano da ɗan rabonsa. Ya kira abin damu. Ya ce suna kamar fura ne, in ba a dama shi da kyau ba sai an tarar da gudaji.

Ya koya wa akawun asibitin, ya sa a riƙa haɗa sunan yanka da na uba kafin a lissafa. Akawun ya yi ƙunƙuni, ya ce shi ba a ɗauke shi aiki don ya koma aji uku ba, amma da ya ga yana zaro kati kafin mara lafiya ya gama gaisuwa sai ya daina. An yi 'yan shekaru ana bin tsarin. Da aka canja akawu, sabon ya ce wannan wahala ce, ya mayar da komai kan harafin farko. Yaya ya ji zafin abin.

Daga baya ya samu ƙarin karatu, ya tafi Zariya, ya ƙetare zuwa ƙasar waje, ya dawo yana aikin da ba mu san sunansa ba a lokacin, rubuta wa kwamfuta umarni. Ranar da ya zo gida hutu na farko dariya yake yi shi kaɗai. Ya ce mini, "Kulu, kin san me ke cikin na'urar nan? Kwanonin Inna ne." Ita ma akwatuna gare ta a ciki, dubbai, ita ma sai ta mayar da suna lamba kafin ta san inda za ta ajiye shi da inda za ta nemo shi. Wasu tsare-tsaren da aka kawo daga waje, don tsimin wuri, haruffa huɗu na farko kawai suke dubawa. Ka ga Abdullahi da Abdulƙadir da Abdurrahman da Abdu kansa sun taru wuri guda ke nan, Muhammadu kuwa ba a magana. Na'ura mai tsada sai ta koma akawun Ikara, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Shekaru ya yi yana gyara wa asibitoci da ofisoshi wannan damu, yana gwada kowane sabon lissafi da sunayen mutanenmu kafin ya yarda da shi.

Abu biyu ya sha nanata mini, kuma su ne ke hana ni sukuni yanzu. Ya ce damun da ya fi kyau shi ya fi tsananta wa kuskuren rubutu, don harafi ɗaya in ya canja, sunan yakan tashi ya faɗa can wata uwa duniya. Hauwa da Hauwa'u da Hawwa a wurinmu mace ɗaya ce, a wurin na'ura kuwa ko maƙwabtaka ba su haɗa ba, sai in wanda ya rubuta umarnin ya san mu, ya daidaita rubutun sunan kafin a dama. Ya kuma ce duk iya damunka, masu suna iri ɗaya sak akwati ɗaya za su faɗa. Lissafi bakin akwati yake kai ka. Daga nan sai ido ya karanta, a tabbatar wane ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi farin ciki da farko. Jikata Maryam tana danna haruffa biyu a waya sunan mutum ya fito tun kafin ta ɗaga yatsa, kuma ta ce mini matsalar cunkoson akwati an daɗe da maganinta, masana sun samo lissafin da ya fi na Yaya nesa ba kusa ba. Na yarda da ita, shi ma da zai yarda, ba mai ƙyashin na baya ba ne. Amma na san halinsa. Zai karɓi wayar ya rubuta Abdul ya ga me za ta yi, ya rubuta suna da ƙ ya sake rubuta shi da k, ya sa alamar da ke cikin Hauwa'u ya cire. Abin da zai tayar masa da hankali, a ganina, saurin ne kansa. Akawun Ikara ya san bai same ni ba, shi ya sa ya ci gaba da nema. Na'urar yau ba ta dawowa hannu rabbana, kullum sai ta miƙo wani, mai dannawa kuma ya karɓa da gaba gaɗi.

Ba zato nake yi ba. Bara hawan jini ya buge ni, bakina ya karkace, na yi kusan yini ina son magana ba hali. Duk tsoron da na ɗauka na bari a Ikara ya dawo mini sabo, ina tsohuwa da jikoki ina zubar da hawaye kamar yarinya. Allah Ya taimake ni 'yata Bilkisu tana gefena, ita ta yi mini baki. Makon jiya kuma na je a yi mini rajistar aikin ƙugun. Wata yarinya mai fara'a da ladabi ta gaishe ni har ƙasa, ta rubuta Hauwa Muhammad, sunaye suka zubo nan take, ta buɗe na farko.

"Hajiya, ba ki da matsala da kowane magani, ko?" in ji ta.

Na ce, "'Yar nan, karanta mini garin."

Ashe wadda ta buɗe wata baiwar Allah ce daga cikin Ikara, kusan sa'ata. Yarinyar ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, babu ni a ciki. Sai da na ce ta rubuta Hauwa'u sannan na fito, da gargaɗin penisilin ɗina a rubuce ɓaro-ɓaro. Ta ba ni haƙuri, ta gyara, likita ma ya rubuta da hannunsa. Ban ga laifinta ba, ita ma bayana layi ne har waje. Amma na dawo gida da tsoro, don na ga abin da ya cece ni ranar bakina ne. Ranar aiki ba za a bar Bilkisu ta shiga ba, ma'aikata kuma canjin aiki suke yi, wanda ya ji da safe ba lalle shi ne zai tsaya da yamma ba.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa a ido. Bai gina komai da ke ɗauke da sunansa ba. Umarnin da ya rubuta an daɗe da share su an sa sababbi, haka aikin yake, shi ma ya sani. 'Ya'yansa suna tuna shi a matsayin uba mai shiru da ba ya ƙin zuwa zumunci. Abin da ni na riƙe shi ne mutumin da ya ga an kusa kashe ƙanwarsa, bai nemi wanda zai zaga ba, ya je ya zauna a gaban kwanoni yana jefa masara har sai da ya gano inda sunayenmu ke cunkushewa. Bai taɓa yarda wai abu yana aiki don an ce yana aiki a wani wuri ba, sai ya gwada shi da Musa da Sule da Abdu. Ina fata a cikin yaran da ke rubuta wa na'urori umarni a yau akwai masu irin wannan taurin kai, ko da ba su taɓa jin sunansa ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa aikin nan ya zame masa sadaka mai gudana.

An ce in zo ranar Litinin da safe, kada in ci komai. Zan je, don ciwon ƙugun ya hana ni ko sujada, kuma rai a hannun Allah yake. Sai dai ina da roƙo ga duk wanda ya karanta wannan, in aikinsa zama ne a gaban irin wannan na'ura a kowane asibiti. Idan sunaye suka zubo, kada ka buɗe na farko ka tsaya. Karanta sunan uba, karanta gari, gwada ɗayan rubutun sunan ko da layi ya kai titi. Ɗaya daga cikin Hauwan nan ni ce, kuma a lokacin ba zan iya gaya maka ba.